Shin Manhajojin Haɗa Kiɗa Sun Bambanta Wajen Sauti? Sharhi Kan Gardamar FL Studio, Cubase da Pro Tools

Gardamar ta daɗe a ɗakunan haɗa sauti, tun daga manyan situdiyoyin Landan har zuwa ƙananan ɗakunan da ke kan titin Gidan Zoo a Kano. Wani furodusa zai rantse cewa Cubase ta fi fitar da murya garau, wani ya ce FL Studio tana da kaurin ganga amma muryarta siririya ce, na uku kuma ya kafe a kan cewa waƙar da ba ta bi ta Pro Tools ba ba za ta taɓa yin amon waƙoƙin waje ba. Maganar ta wuce masu sana'ar ta kai ga mawaƙa, har akwai mawaƙin da zai leƙa fuskar kwamfuta kafin ya yi ciniki, idan ya ga manhajar da bai yarda da ita ba sai ya nemi wani situdiyon.

Abin da ke rikita mutane shi ne, ɓangarorin biyu duka suna da abin kafa hujja. Injiniyoyin da ke rubuta manhajojin suna cewa lissafin iri ɗaya ne, kuma suna da gwajin da ke nuna hakan. Masu aikin kuma suna cewa kunnensu ya ji bambanci, kuma sau da yawa da gaske sun ji. Warware wannan saɓanin yana buƙatar a raba tambayar gida biyu: shin injin da ke tara sautuka a cikin manhaja yana da launin kansa, ko kuwa wasu abubuwa ne da ke kewaye da injin suke sauya abin da ke isa kunne?

## Abin da manhajar take yi idan ana miksin

Manhajojin da ake magana a kansu su ne waɗanda masu sana'a ke kira DAW a taƙaice, wato manhaja guda da ake ɗaukar murya, a tsara kiɗa, a gyara, sannan a haɗa komai a cikinta. Kamfanin Steinberg na birnin Hambog a Jamus ya fito da Cubase a 1989. Pro Tools ta biyo baya a 1991 daga kamfanin Digidesign na Amurka, wanda daga baya ya koma hannun Avid. FL Studio ta kamfanin Image-Line ce na ƙasar Beljiyam, ta fara da sunan FruityLoops a ƙarshen shekarun 1990 kafin a sauya mata suna a 2003. Ableton Live ta fito daga Balin a 2001, Logic ta koma mallakar Apple a 2002, Reaper kuma ta bayyana a 2006.

A cikin kwamfuta babu sauti, lambobi ne zalla. Idan mawaƙi ya rera a gaban makirfo, katin sauti yana auna ƙarfin siginar sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, kowane awo ya zama lamba. A ma'aunin faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, ana yin awon sau 44,100 a daƙiƙa. Waƙar minti uku ke nan tana ɗauke da lambobi 7,938,000 a ɓangaren dama, da wasu kamarsu a ɓangaren hagu. Kowace lamba kuma tana da iyakar zurfin da za a iya rubuta ta: tsarin bit 16 yana da matakai 65,536, wanda ya yi daidai da faɗin kimanin desibel 96 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi, tsarin bit 24 kuwa yana da matakai sama da miliyan 16, kimanin desibel 144.

Miksin a tushensa tara waɗannan lambobin ne. Idan a wani ɗigon lokaci lambar murya 0.25 ce, ta kalangu kuma 0.30, abin da zai tafi layin masta, wato layin ƙarshe da duk sautukan ke haɗuwa, shi ne 0.55. Idan aka ja maɓallin ƙarfin murya ƙasa da desibel 6, manhajar tana ninka lambar da kusan rabi kafin ta tara. Tarawa da ninkawa su ne aikin injin haɗawa gaba ɗayansa, kuma manyan manhajojin yau suna yin su da tsarin lissafi mai ɗigo mai motsi na bit 32 ko 64, wato wanda ɗigon lamba ke matsawa gwargwadon girmanta, bisa ƙa'idar IEEE 754 da aka kafa tun 1985, wadda ƙwaƙwalwar kwamfutar kanta take bi ko da wace manhaja aka ɗora mata. Kuskuren da ke biyo bayan yanke wutsiyar lamba a tsarin bit 32 yana can ƙasa da sautin da kimanin desibel 144, a tsarin bit 64 kuma ya haura desibel 300. Kunnen ɗan Adam gaba ɗaya, daga motsin da da ƙyar ake ji zuwa ƙarar da ke sa ciwo, bai wuce desibel 120 zuwa 130 ba.

## Inda zaton ya samo asali

Zaton cewa kowace na'urar haɗa sauti tana da amonta ba daga iska ya faɗo ba. Kafin zuwan kwamfuta, a kan manyan teburan lantarki ake miksin, kuma waɗannan teburan sun bambanta ƙwarai. Teburan da Rupert Neve ya ƙera a Ingila an san su da kauri saboda taransifomomin da sigina ke ratsawa. Teburan kamfanin SSL, musamman jerin 4000 da ya mamaye situdiyoyi a shekarun 1980, suna da nasu ɗanɗanon, haka ma na API a Amurka. Sigina tana bi ta wayoyi da taransistoci, kowanne yana ƙara mata ɗan gurɓata, ɗan shuu, da ɗan yoyo daga layi zuwa layi. Injiniyan da ya shekara ashirin yana bambance tebur da tebur da kunnensa, da ya koma kan kwamfuta sai ya ɗauki manhaja a matsayin wani teburin, ya ci gaba da yi mata irin wannan sauraron.

Farkon zamanin dijital ma ya ƙarfafa zaton, domin a lokacin akwai bambanci na zahiri. Tsohon tsarin Pro Tools mai suna TDM yana yin lissafinsa a kan katuna na musamman da ake sakawa cikin kwamfuta, da tsarin ɗigo kafaffe: bit 48 wajen tarawa, amma bit 24 a hanyoyin da sigina ke bi tsakanin kayan gyara, wato ƙananan manhajojin da ake ɗorawa a kan layi don gyara sauti. A irin wannan tsarin, idan sauti ya haura rufin sifili, wato iyakar ƙarfin da tsarin ke iya ɗauka, a tsakiyar hanya sai kansa ya gutsure, ya fashe, ko da an rage ƙarfi daga baya. Manhajojin da ke amfani da ɗigo mai motsi ba su da wannan matsalar a cikin gida, domin suna da sararin da ya haura desibel 1,500, kuma sauti ba ya fashewa sai a ƙofar fita. Saboda haka mutum biyu da ke tura layukansu har mita ta nuna ja, ɗaya a tsohuwar Pro Tools ɗaya a Cubase, za su iya samun sakamako daban. Avid ta rufe wannan babin a 2011 da ta fito da tsarin HDX mai ɗigo mai motsi. Hujjar ta tsufa, amma labarinta bai daina yawo daga bakin ubangida zuwa kunnen yaron situdiyo ba.

## Gwajin sokewa

Akwai hanyar da ake raba gardamar ba tare da dogaro da kunnen kowa ba, kuma duk mai kwamfuta zai iya yin ta. Tushenta shi ne, idan aka ɗauki sauti aka kifar da shi, wato kowace lamba mai ƙari ta koma mai ragi, mai ragi kuma ta koma mai ƙari, sannan aka tara shi da asalinsa, sakamakon sifili ne. 0.55 da ragin 0.55 ba su bar komai ba. Idan fayiloli biyu iri ɗaya ne ƙwaya da ƙwaya, kifar da ɗaya a kan ɗaya yana haifar da shiru tsit. Idan kuwa akwai bambanci komai ƙanƙantarsa, bambancin ne kaɗai zai rage, a ji shi, a kuma auna shi da mita.

Yadda ake yi shi ne a ɗauki fayilolin WAV guda, wato fayilolin sauti da ba a matse ba, misali murya, 'yan amshi, ganga, bes da fiyano, a zuba su a manhaja ta farko su fara daga ɗigo ɗaya, a bar duk maɓallan ƙarfi a sifili, a cire duk wani kayan gyara har da na kan masta, a kashe duk abin da ke jan tsawon sauti, sannan a fitar. A maimaita haka a manhaja ta biyu da adadin awo iri ɗaya da ƙa'idar rabon dama da hagu iri ɗaya. Idan aka haɗa abin da suka fitar aka kifar da ɗaya, abin da ake samu tsakanin manyan manhajojin yau shi ne ko dai shiru cikakke, ko ragowar da ke can ƙasa da abin da sifika za ta iya furtawa, balle kunne ya kama.

Kamfanonin da kansu ba su musanta wannan ba, alhali su ne za su fi kowa cin riba da a ce injinsu ya fi. Littafin jagorar Ableton Live yana da babi guda da ya jera ayyukan da ba sa taɓa sauti da waɗanda ke taɓa shi, kuma tara layuka yana cikin kashin farko. Image-Line ma ta keɓe shafi a jagorar FL Studio tana rushe da'awar cewa wata manhaja ta fi wata tsabtar tarawa.

Gwajin yana da tarkuna da ke sa wasu su yi shi su fito da akasin haka. Idan ɗaya fayil ya goce da awo ɗaya tak cikin 44,100, sokewar ba za ta yiwu ba, sai a ji ragowar sirara-sirara a ɗauka bambancin inji ne. Haka nan akwai kayan gyara da aka gina da ɗan kaucewa na ganganci, irin su wasu na'urorin amsa-kuwwa da masu kwaikwayon tsofaffin injuna, waɗanda ko a manhaja ɗaya aka fitar da waƙa sau biyu ba za ta soke kanta ba.

## To me mutane suke ji?

A nan gizo yake saƙa, domin babu furodusan da ke aiki a yanayin gwajin sokewa. Mutum yana buɗe manhaja ne ya tarar da saitin da kamfani ya zaɓa masa, kuma saitin nan ya bambanta matuƙa.

Mafi girma a cikinsu ita ce ƙa'idar rabon dama da hagu. Idan sauti yana tsakiya, sifiku biyu ne ke fitar da shi tare, don haka yakan fi ƙarfi a kan lokacin da aka karkata shi gefe guda inda sifika ɗaya ce ke aiki. Domin kada ƙarfin ya riƙa hawa da sauka yayin karkatawa, ana rage na tsakiya da wani adadi. Matsalar ita ce ba a yi ittifaƙi kan adadin ba. Ragin desibel 3 ya fi dacewa da mai sauraro da sifiku biyu a ɗaki, ragin desibel 6 ya fi dacewa da inda za a narkar da dama da hagu su zama ɗaya, wasu kuma sun tsaya a 4.5 don raba tsakani. Pro Tools ta shekara da shekaru a kan 2.5 kafin ta ba da zaɓi ta kuma mai da 3 matsayin farko. Reaper tana zuwa da sifili, ba ta rage komai sai an umarce ta. Logic tana barin tsakiya yadda yake ta ɗaga gefe. Sakamakon haka, wanda ya kwafe lambobin miksin ɗinsa daga wata manhaja zuwa wata, desibel da desibel, zai iya tarar da murya da ganga da bes, waɗanda galibi a tsakiya suke, sun matso gaba ko sun ja baya da desibel 3 idan aka kwatanta da 'yan amshi da ke gefe. Wannan bambanci ne da kowa zai ji, kuma shi ne ake fassarawa da cewa wata manhaja ta fi faɗi, wata ta fi naushi. Layukan da suka zo da dama da hagu tun asali ma ba hanya ɗaya ake karkata su ba: a wasu manhajoji maɓallin yana rage ɓangare guda ne kawai har abin da ke cikinsa ya ɓace, a Pro Tools kuwa kowane ɓangare da maɓallinsa.

Sai abubuwan da aka kunna tun daga kamfani ba tare da mai aiki ya lura ba. FL Studio ta daɗe tana buɗewa da limita a kan layin masta, wadda ke danne kan sauti duk lokacin da ya haura. Sabon furodusa da ya tura gangarsa da ƙarfi yana jin ta a matse, ya ce halin FL ke nan, alhali na'ura ɗaya ce da zai iya cirewa da latsa biyu. Haka kuma sautin da aka jefa cikin layinta ba ya shiga da cikakken ƙarfinsa, don haka fayil ɗaya zai fi rauni a can fiye da yadda yake a Cubase. Ableton Live kuma tana da tsarin da ke jan tsawon sauti domin ya bi gudun kiɗa, kuma takan kunna shi da kanta ga dogayen fayiloli. Idan gudun aikin ya saɓa wa na fayil ɗin, manhajar tana yanka sautin tana ɗinkewa, abin da kan dusar da kaifin bugun ganga. Yawancin zargin da aka yi wa Live na rashin tsabta daga nan ya fito.

Jan tsawo da sauya kaifin murya ayyuka ne da ba su da amsa guda a lissafi, kowane mai rubuta manhaja da dabararsa, don haka a nan bambanci na gaske yake. Sai dai ko a nan iyakokin ba su bi sunayen kamfanoni ba, domin Cubase da FL Studio da Reaper da Live duk suna hayar fasahar élastique daga kamfanin zplane na Balin. Mutum biyu za su iya yin musu kan wace ta fi iya jan murya alhali inji ɗaya ne a ƙarƙashinsu, sai dai yanayin da kowa ya zaɓa.

Makamancin haka yake faruwa wajen sauya adadin awo. Idan aikin yana kan 48,000 aka jefa fayil mai 44,100, dole manhajar ta ƙirƙiri lambobin da babu su, kuma ingancin wannan ƙirƙirar ya bambanta daga manhaja zuwa manhaja, har ma a cikin manhaja ɗaya. A FL Studio akwai saiti daban na ingancin da ake ji yayin aiki da wanda ake amfani da shi yayin fitarwa, shi ya sa wani lokaci waƙar da aka fitar takan ɗan saɓa wa abin da aka ji a ciki. Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke taruwa: siffar lanƙwasar da sauti ke bi idan yana dusashewa, yadda ake santsar da motsin maɓalli da aka yi wa rikodin, da yadda manhaja ke rama jinkirin da wasu kayan gyara ke jawowa. Idan ramawar ta kuskure a kan layuka biyu masu ɗauke da sauti ɗaya, wasu muryoyin suna cinye juna, sauti ya koma kamar daga cikin bututu.

Mafi bayyana duka shi ne kayan gyaran da kowace manhaja ke zuwa da su. Kwamfuresar Logic, wato na'urar da ke matse hawa da saukar ƙarfin sauti, daban take da ta Cubase, amsa-kuwwar FL Studio daban take da ta Pro Tools, kuma fiyano da gangunan da ke cikin kowacce mutane daban ne suka ɗauke su. Idan aka ce waƙa tana da amon FL, galibi waɗannan sautukan ake ganewa, tare da salon tsara kiɗan da manhajar ke sauƙaƙawa. Amma tun da Steinberg ta fito da tsarin VST na ɗora kayan gyara a kan manhaja a 1996, kayan gyara na waje suna shiga kusan kowace manhaja. Auto-Tune na kamfanin Antares, wanda ya fito a 1997 kuma ya zama ginshiƙin muryar waƙoƙin finafinan Hausa, lissafi ɗaya yake yi ko a ina aka ɗora shi, muddin saitin ɗaya ne.

## Waɗanda suka sa launi da gangan

Akwai rukunin da hukuncin da ke sama bai hau kansa ba, domin an gina shi ne don ya saɓa. Harrison Mixbus, wadda ta fito a 2009, tana kwaikwayon teburan kamfanin Harrison, da ɗan gurɓatar da aka dasa a layukan tarawa. Pro Tools tana da ƙarin da ake kira HEAT, Studio One tana da Console Shaper, LUNA ta kamfanin Universal Audio kuma, wadda ta fito a 2020, tana sayar da ƙarin da ke kwaikwayon tarawar teburin Neve. Waɗannan ba sa soke sauran manhajoji idan an kunna su, kuma masu su ba su ɓoye dalili ba. Kasancewar sai an ƙera launin daban, an ba shi suna, wani lokaci ma an sa masa farashi, ita kanta shaida ce cewa tarawar asali ba ta da shi.

## Kunne, ido da ƙarfin sauti

Ko da an daidaita komai, saura mai sauraron. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka nuna cewa kunne ba ya jin kauri da kaifi daidai a kowane mataki na ƙarfi: idan aka ƙara ƙarfi, kauri da kaifi sukan fi fitowa. Don haka idan aka kunna waƙa ɗaya sau biyu, ta biyun ta ɗara da rabin desibel, mai sauraro ba zai ce ta fi ƙara ba, cewa zai yi ta fi cika, ta fi buɗewa. Shi ya sa masu gwajin sauraro na ƙa'ida suke daidaita ƙarfi zuwa kashi ɗaya cikin goma na desibel. Wanda ya rufe wata manhaja ya buɗe wata ya kwatanta da ka bai cika wannan sharaɗin ba, ga shi kuma ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti fiye da 'yan daƙiƙoƙi, ƙasa da lokacin da manhaja ke ɗauka kafin ta buɗe.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a wannan fagen maganar ta tabbata a zahirinta. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman suka gwada masu sauraro da sifiku iri ɗaya, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya a bayan labule, sai makin da suka bayar ya sauya gwargwadon abin da ido ya gani na girma da tsada, kuma ƙwararru ba su tsira daga wannan ba. Kusan duk wanda ya daɗe yana miksin ya taɓa murɗa maɓallin ikwalaiza, wato na'urar daidaita kauri da kaifi, yana jin murya tana gyaruwa, daga baya ya gano na'urar a kashe take. Launin fuskar manhaja, siffar mitocinta da sunan da ta yi a duniya duk suna shiga cikin abin da mutum yake ji.

Duk da haka, masu cewa suna samun miksin mafi kyau a wata manhaja suna da hujjar da gwajin sokewa bai taɓa ta ba. Miksin jerin shawarwari ne ɗaruruwa, kuma fuskar manhaja tana tura hannu. Inda maɓallin ƙarfi yake da tsawo mutum yakan yi gyara ƙanana, inda mita ke nuna ja da wuri yakan bar sarari, inda tura murya zuwa amsa-kuwwa yake da sauƙi yakan yawaita shi. Furodusa ɗaya da waƙa ɗaya a manhajoji biyu zai fito da miksin biyu daban, kuma zai iya fifita ɗaya da gaskiyarsa. Saɓanin da ya rage tsakanin ɓangarorin shi ne wurin da za a jingina bambancin, ga injin ko ga hannun da ke tuƙa shi.

## Abin da wannan ke nufi ga furodusa, mawaƙi da mai sauraro

Ga matashin da ke haɗa kiɗa a Kano ko Kaduna ko Damagaram, batun na kuɗi ne da lokaci. Reaper tana sayar da lasisin ƙananan masu sana'a a kan dala 60, FL Studio tana ba da sabuntawa kyauta har abada ga wanda ya saya, Logic tana kusan dala 200 amma sai da kwamfutar Apple, Pro Tools kuma ta karkata ga biyan kuɗin wata ko na shekara. Akwai dalilai masu ƙarfi na zaɓar ɗaya a kan ɗaya, kamar saurin yanka murya, sauƙin tsara ganga, nauyin manhaja a kan tsohuwar kwamfuta, ko buƙatar musayar aiki da situdiyon da ke amfani da wata. Tsabtar tarawa ba ta cikin waɗannan dalilan, kuma wanda ya bar manhajar da hannunsa ya saba da ita saboda ita zai yi watanni yana koyon maɓallai kafin ya dawo inda yake.

Abubuwan da ke sauya sauti da desibel masu yawa suna wajen kwamfutar. Sautin bes mai kaɗawa 100 a daƙiƙa yana da tsawon kusan mita uku da rabi, daidai da faɗin ɗakunan da yawancin ƙananan situdiyoyi ke ciki, don haka yakan taru a wani lungu ya ɓace a wani, kuma kwalayen ƙwai da ake liƙawa a bango ba su da kaurin da za su taɓa shi. Wutar da ba ta da waya ta ƙasa mai kyau tana shigar da gurnanin kaɗawa 50 cikin makirfo. Nisan bakin mawaƙi daga makirfo da tafin hannu ɗaya yana sauya kaurin murya fiye da duk abin da aka lissafa a sama. Ko hanyar da sauti ke bi daga manhaja zuwa katin sauti tana da tasiri, domin direban ASIO, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa DAW da katin sauti, yana miƙa shi kai tsaye, alhali hanyar Windows ta gama-gari tana iya sauya adadin awo ko ta ƙara nata gyaran, abin da ke sa waƙa ta yi daban a cikin manhaja da kuma a na'urar kunna waƙa ta kwamfuta ɗaya.

Ga mawaƙin da ya ɗauki murya a wani situdiyo zai kai miksin wani, abin da ke kare aikinsa shi ne a ba shi kowane layi daban a fayil ɗin WAV mai bit 24, duka su fara daga ɗigo ɗaya, a adadin awon da aka ɗauke su, ba tare da limita a kai ba, a kuma rubuta masa gudun kiɗan. Da wannan, ko wace manhaja injiniya na biyu yake amfani da ita, lambobin da suka bar situdiyon farko su ne za su isa gare shi. Asarar tana faruwa ne idan aka tura kiɗan a MP3, aka ɗora murya a kai, aka sake fitarwa a MP3.

Mai sauraro kuwa yana karɓar waƙar bayan ta bi matakan da suka fi waɗannan duka tsanani. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 mai 128 da masu turi ke zuba wa mutane a waya kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya ne na wannan. Spotify yana daidaita ƙarfin waƙoƙi zuwa kusan ragin 14 a LUFS, wato ma'aunin ƙarar waƙa yadda kunne ke jin ta, YouTube ma yana sassauta waɗanda suka yi ƙara da yawa, don haka ɗan fifikon ƙarfin da limita ta ba wata waƙa yakan ɓace a can. Da yawa daga wayoyi da ƙananan sifikun Bluetooth kuma suna narkar da dama da hagu su zama ɗaya, inda abin da ke tsakiya yake ƙara fitowa a kan abin da ke gefe. Furodusan da ya san masu sauraronsa a waya da cikin Adaidaita Sahu suke, zai fi amfana da mai da masta mono, wato narkar da dama da hagu su zama ɗaya, ya ji ko 'yan amshinsa sun nutse a bayan murya, kuma akwai hanyar yin hakan a kowace manhaja daga cikin waɗanda aka ambata.